Uwais ko Uwaisu? Sunan da kowa ya san labarinsa amma 'yan kaɗan ke raɗawa

Ranar sunan ɗan ƙanina, liman ya shafa fatiha, an fara rabon goro da dabino a ƙofar gida, sai wani yaro ya ruga ciki ya kai wa mata labari. Ina tsaye a bakin zaure na jiyo muryar Hajiyarmu daga tsakar gida: "Uwa me?" Yaron ya sake faɗa. Ta ce, "Je ka kira mini uban jaririn." Ƙanina ya shiga ya durƙusa, ya ce, "Hajiya, Uwais ne. Sunan wani bawan Allah ne mutumin Yaman." Ta ɗan yi shiru, sannan fuskarta ta saki. "Au, Uwaisu! Uwaisul Ƙarni mai biyayyar uwa? To ka ce Uwaisu mana, ɗan nan. Allah ya raya shi, ya ba shi halin mai sunan." Sai guɗa ta tashi.

Hajiya ba baƙuwar sunan ba ce. Ta san shi, ta san labarin mai shi tun tana ƙarama daga bakin malamai. Wasali ɗaya da aka cire a ƙarshe shi ya hana ta gane shi. Kuma duk da wannan sani, a cikin 'ya'yanta da jikokinta da dangin mijinta kaf ba a taɓa raɗa wa kowa shi ba sai ranar. Tun daga lokacin nake bibiyar sunan nan, don na ga ya tattara abubuwa da yawa game da yadda Bahaushe ke karɓar sunan Larabci, yadda yake lanƙwasa shi a harshensa, da dalilin da ya sa wani suna ke cika gari wani kuma ya zauna a gefe.

A Larabci haruffa huɗu ne: alif, wawu, ya da sin. An gina shi a kan ma'aunin da malaman nahawu ke kira tasgiri, wato ƙanƙantar da kalma, ko dai don nuna ƙanƙanta ko don nuna so. Ma'aunin ba baƙo ba ne a kunnenmu. Hasan ya ba da Husain, Abdu ya ba da Ubaid, Sahal ya ba da Suhail, Jundu ya ba da Junaid. Haka Aus ya ba da Uwais. Aus shi ne sunan ɗaya daga cikin manyan ƙabilu biyu na Madina, Aus da Hazraj, kuma a ƙamusoshin Larabci kalmar na da ma'ana biyu: kyauta ko abin da aka ba mutum a madadin wanda ya rasa, da kuma kerkeci. Uwais kansa Larabawa sun yi amfani da shi a matsayin ɗaya daga cikin sunayen kerkeci.

Nan ne wasu iyaye kan ja da baya. Na taɓa jin wani yana cewa shi ba zai sa wa ɗansa sunan dabbar da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka yi wa ƙarya ba. Amma wanda ya ƙi Uwais saboda kerkeci sai ya sake duba Usama da Haidar da Asad, waɗanda duk sunayen zaki ne, da Fahad, wanda shi ma naman daji ne mai farauta. Larabawa sun saba sa wa 'ya'yansu maza sunayen dabbobi masu ban tsoro don abokan gaba su ji shakka. Ba ma'anar ƙamus ce ke riƙe irin waɗannan sunaye a wajen Musulmi ba. Mutanen da suka amsa su ne.

Mutumin da ya riƙe wannan sunan shi ne Uwais ɗan Amir, daga Ƙaran, wani reshe na ƙabilar Murad a Yaman. Ya rayu a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi imani, amma bai taɓa ganinsa ba, don haka ba sahabi ba ne, tabi'i ne. Labarinsa yana cikin Sahihu Muslim. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, duk lokacin da ayarin mutanen Yaman ya iso sai ya tambaye su ko akwai Uwais ɗan Amir a cikinsu, har ranar da ya dace. Ya tambaye shi ko daga Murad yake, daga Ƙaran. Ya ce i. Ko ya taɓa yin albaras ya warke sai wuri ɗaya kamar girman dirhami. Ya ce i. Ko yana da mahaifiya. Ya ce i. Sai Umar ya gaya masa cewa ya ji Manzon Allah ya siffanta shi da waɗannan siffofi, ya ce yana da mahaifiya da yake yi wa biyayya, da zai rantse da Allah a kan abu da Allah ya kuɓutar da rantsuwarsa, kuma wanda ya sami dama ya roƙe shi ya nema masa gafara. Sarkin Muminai ya roƙi talakan Yaman ya nema masa gafara, shi kuma ya nema masa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi taɓa ni. Umar ya tambaye shi inda ya nufa, ya ce Kufa. Umar ya ce ko ya rubuta wa gwamnan can takarda a kansa. Uwais ya ce ya fi son ya kasance cikin talakawan da ba wanda ya san da su. A wata ruwayar ta Muslim an kira shi mafi alherin tabi'ai. Masana tarihi da dama sun tafi a kan cewa ya rasu a yaƙin Siffin, a shekara ta 37 bayan hijira, wato 657, yana ɓangaren Sayyidina Aliyu. Labarin da ake yawan ji a wajen wa'azi, cewa ya fasa haƙoransa duka da ya ji abin da ya sami Annabi a Uhudu, ba ya cikin wannan ruwaya ta Muslim, kuma mutumin bai bukatar ƙari kafin a girmama shi.

Kunnen Bahaushe yana jin "uwa" a farkon sunan, labarin kuma na biyayyar uwa ne. Babu wata alaƙa ta asali tsakanin kalmomin biyu, dacewa ce kawai. Amma dacewa ce da ta sa sunan ke zama a ƙwaƙwalwar tsofaffinmu mata, kamar yadda Hajiya ta haɗa su nan take.

To yaya ake faɗarsa? Farkonsa hamza ce mai rufu'a, gajeriyar "u" irin ta uba da uku. Ba ain ba ce. Wannan na da muhimmanci domin yawancin sunayen da muka saba da su masu farawa da "U", kamar Umar, Usman, Uzair da Ubaid, da ain suke farawa a Larabci, sai wasu masu son gyara harshe su matse maƙogwaro su sa wa Uwais ain ɗin da ba shi da ita. Tsakiyarsa "wai" ce, daidai da kalmar wai tamu ta Hausa. Ƙarshensa sin ce mai sauƙi, ba sadi mai kauri ba. Wanda ya iya cewa "wai su" ya iya kusan duka sunan, "u" kawai zai sa a gaba.

Rigimar tana kan wasalin ƙarshe, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Akwai masu ganin Uwaisu faɗar ƙauye ce, Uwais kuma shi ne daidai. Wannan ba gaskiya ba ne, ta fuskar Larabci da ta fuskar Hausa.

Ta fuskar Larabci, suna yana ɗaukar wasali a ƙarshe gwargwadon matsayinsa a jimla, sai in an tsaya a kansa a yi waƙafi, wasalin ya faɗi. Duk wanda ya karanta hadisin da muka ambata a gaban malami zai ji tambayar Umar da "Uwaisu bnu Amir". Wasalin "u" yana cikin nassin. Kakanninmu daga littattafai da bakin malaman zaure suka karɓi waɗannan sunaye, da wasullansu, shi ya sa muke da Umaru da Usmanu da Bashiru da Kabiru. Ba jahilci ya kawo su ba. Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya yi rubuce-rubuce da waƙoƙi cikin Larabci tsantsa, kuma Junaidu duniya ta san shi. Haka Lamiɗo Zubairu na Adamawa.

Ta fuskar Hausa kuwa akwai wata ƙa'ida da kowane Bahaushe ke bi ba tare da an koya masa ba. Harshenmu ba ya yarda tagwan wasali, wato "ai" ko "au", ya zauna a gaɓar da baƙi ya rufe. Duba abin da ke faruwa da kalmar mai: da an ɗora mata "n" sai ta koma man, mu ce man gyaɗa, man shanu. Kai ya koma kansa. Rai ya koma ransa. Kyau ya koma kyan gani. Ba wanda ke cewa "main gyaɗa". To gaɓar "wais" ta taka wannan ƙa'ida kai tsaye: ga "ai", ga "s" ta rufe ta. Harshen Bahaushe hanya biyu yake da ita. Ko ya buɗe gaɓar da ƙarin wasali, ya ce U-wai-su, ko ya murƙushe tagwan wasalin ya ce Uwes. Magabata hanyar farko suka bi, shi ya sa duk sunayen wannan ma'auni suka zo mana a buɗe: Zubairu, Shu'aibu, Uzairu, Husaini. Ba wai Hausa ba ta iya ƙarewa da "s" ba ne, ga takwas, ga Alhamis, ga ƙamus. Haɗuwar "ai" da baƙi a gaɓa ɗaya ce ba ta so.

Abin da ya biyo daga nan shi ne, da yawa daga cikin masu rubuta Uwais don guje wa faɗar gargajiya, in ka saurari bakinsu Uwes suke cewa. Wanda ya ce Uwaisu ya tsare duk sautukan asali ya ƙara ɗaya wanda dama yana cikin Larabcin. Wanda ya ce Uwes ya rasa ɗaya. Ban ce Uwais kuskure ba ne, daidai ne ga wanda ya fitar da "ai" ɗin sosai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa gyara wa tsohuwa baki alhali ita ce ta fi kusa.

Akwai kuma Awaisu, wanda ake ji ake kuma gani a rubuce a ƙasar Hausa. Wasalin farko ne ya karkata daga "u" zuwa "a", irin yadda Shu'aibu ya zama Sha'aibu a bakin wasu. Wannan ya ɗan yi nisa da asali, amma gidajen da suka gaje shi haka sun san wanda suke nufi.

Har laƙabin mutumin bai tsira ba. Mu kan ce Alƙarni, kuma tunda ƙarni a Hausa shekara ɗari ce, wasu suna ɗauka ma'anarsa gwarzon ƙarninsa. Malamai sun tabbatar da cewa Alƙarani ne, da fataha a kan ra, jinginawa ga Ƙaran ta Murad. Kuskuren tsoho ne: Jauhari, mai ƙamus ɗin Assihah, ya jingina Uwais ga Ƙarnul Manazil, miƙatin mutanen Najadu da ke kusa da Ɗa'ifa, sai malamai irin su Imam Nawawi suka yi masa gyara.

Ba mu kaɗai muka lanƙwasa sunan ba, kuma in aka kwatanta, lanƙwasawarmu ce mafi sauƙi. A Pakistan da Indiya za ka ga Owais da Awais. A Somaliya Aweys, inda Shehu Uwais na Barawa, wanda aka haifa a 1847 aka kashe a 1909, ya yaɗa ɗariƙar Ƙadiriyya har zuwa Zanzibar da gaɓar gabashin Afirka. Na Turkiyya ya fi ban mamaki. Sun ɗauki "Uwais el-Ƙarani" suka yar da wasalin farko, suka manna "el" ɗin laƙabin a jikin sunan, ya zama Veysel. Suna ne sananne a can, shi ne na shahararren makahon mawaƙinsu Ashik Veysel na yankin Sivas, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1973. Mu ma muna da irin wannan aikin: Abdul da muke kira ba cikakken suna ba ne, "Abdu" ne da "al" ɗin kalmar da aka yanke. A Istambul akwai masallacin da aka gina a 1851 don ajiye alkyabbar da ake cewa Annabi ya aika wa Uwais, ana buɗe ta ga masu ziyara a watan azumi. Masallacin da aka gina kan kabarin da ake jingina masa a Raƙƙa ta Siriya kuwa mayaƙan IS suka rusa shi a 2014. Masu tasawwufi har kalma suka ƙera daga sunansa, suna cewa wane Uwaisi ne idan ya sami tarbiyya daga shehin da bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba.

Wannan yawan rubutu yana da tasiri kai tsaye a kan batun shahara. Ƙasashen da ke fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara, rubutu suke ƙirgawa ba furuci ba. Hukumar ƙididdiga ta Ingila da Wales ta sanar cewa a 2023 Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen yara maza, da jarirai 4,661, kuma wannan adadi bai haɗa da Mohammed da Mohammad ba, kowanne layinsa daban. Idan suna mai girman wannan ya rabu uku, me zai sami wanda dama masu shi kaɗan ne, ga shi ya rabu zuwa Uwais, Uways, Owais, Awais da Aweys? Ƙari a kan haka, hukumar ta Ingila ba ta bayyana sunan da bai kai jarirai 3 ba a shekara, ta Amurka kuma wanda bai kai 5 ba. Sai sunan ya yi kamar ya fi ƙaranci fiye da yadda yake.

A gida kuwa dalilan ƙarancinsa a al'adarmu suke. Bahaushe ba ya zaɓen suna daga sarari. Ɗan fari sau da yawa sunan kaka ake mayarwa, a ɓoye shi da Abba ko Baffa ko Halifa saboda alkunya. Akwai gidajen da kowane ɗa namiji Muhammadu ne, sai a bambanta su da Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. Tagwaye sun zo da sunansu, Hasan da Husaini, mai bi musu Gambo. Sai halifofi huɗu, sai annabawa, sai malamin uba, sai aminin da aka yi wa alkawari. Kafin layi ya zo kan wani tabi'i daga Yaman, 'ya'yan sun ƙare. Kuma tunda suna gado ne, wanda bai shiga gida ba a zamanin kaka da wuya ya shiga a zamanin jika, sai an sami uban da ya yi niyyar fita daga layi.

Hanya ta biyu da suna ke shiga gari ita ce kunne. Misali mafi kusa shi ne Sudais. Sunan yankan shehin mai wannan suna shi ne Abdurrahman, Sudais sunan gidansu ne, kuma daga tushe ɗaya yake da Sadisu namu, tushen kalmar shida. Ya fara limanci a Masallacin Harami a 1984, kasakasan ƙira'arsa suka cika kasuwanni da motocin haya, daga baya tashoshin tauraron ɗan'adam suka kawo tarawihin Makka cikin ɗakuna. Yau shiga kowace Islamiyya ka kira Sudais ka ga ko ba za a waiwayo ba. Shuraim ma ta wannan ƙofa ya shigo. Uwais ba shi da murya a kaset. Labari kawai yake da shi, wanda ake ji jefi-jefi idan mai wa'azi ya zo kan haƙƙin iyaye.

Mutumin da ya fi sa sunan a bakin 'yan Najeriya shi ne Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya a 1936, wanda ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, ya zama Alƙalin Alƙalai daga 1995 zuwa 2006. Shi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba jagorancin kwamitin gyaran harkar zaɓe a 2007, rahoton da suka miƙa a Disamban 2008 har yau Rahoton Uwais ake kiransa. Ya rasu a watan Yunin 2025. Amma saboda Uwais a ƙarshen sunansa ya zo, jama'a da yawa sun ɗauke shi sunan gida kawai, ba su kawo shi a rai ranar suna ba. Na kuma sha jin masu karanta labarai da Turanci suna fara shi da "yu", don haka harafin yake a harshensu.

Duk da haka ina ganin lokacinsa ya fara. Iyayen yanzu suna son gajeren suna mai gaɓa biyu da ke ƙarewa da baƙi, irin su Affan, Ammar, Aiman, Suhail. Suna kuma son wanda ba za a kira a aji yara shida su miƙe ba. Uwais ya cika duka biyun, ga shi da asali a hadisi ingantacce, abin da wasu sunayen da ake tsinta a intanet ba su da shi.

Wahalar da ke tattare da shi ta takarda ce, kuma ƙanina ya ɗanɗana. A katin rigakafi ma'aikaciyar ta rubuta Awais. A rajistar makarantar renon yara aka sa Owais. Shi kuma a takardar haihuwa Uwais ya sa. Ba wanda ya yi da mugun nufi, kowa abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Amma a zamanin da lambar NIN da BVN da fasfo dole su yi daidai harafi da harafi, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, irin wannan saɓani kan jawo rantsuwa a kotu da zirga-zirgar gyara. Wanda yake Nijar yana da nasa ƙarin, don rubutun Faransanci "ou" yake sawa a madadin "u", kamar yadda Umaru ke zama Oumarou. Ƙanina ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya aka gyara tun yaron bai shiga firamare ba, yanzu kuma duk inda za a rubuta sunan ba ya faɗa da baki, biro yake karɓa ya rubuta da kansa.

Yaron ya shekara huɗu yanzu. Babansa na kiransa Uwais, yana fitar da "ai" ɗin a hankali. Abokan wasansa Uwes suke cewa. Hajiya ba ta taɓa canzawa daga Uwaisu ba, kuma in ta kira daga ɗakinta bayan magariba, tabarmarta yake nufa ya zauna, ta ba shi labarin mutumin Yaman da Sarkin Muminai ya yi ta nema a cikin ayari.